Uwar Cikin Ɓawon Kwakwa

Da safe Sista ta tarar da namijin kifin kwance a kan yashi, ciki sama, a bayan dutsen da ya saba laɓewa. Ta daɗe tsaye a gaban akwatin gilashin, jaririya a kafaɗarta. Can ta ɗauki 'yar ragar kamun kifi ta tsamo shi da hannu ɗaya, ta ɗora a murfin kwano, ta jujjuya shi da tsinke. Babu ciwo, babu kumburi. Tsufa ne kawai.

"Ango ya tafi?" in ji mijinta daga kan tabarma, rediyo a kunne. "Allah Ya ba amaryarsa haƙuri. A soya ne ko a binne?"

"Malam, ba yau ba."

Ya rage muryar rediyon. Ya san wannan muryar tata, ya kuma san abin da mutuwar ɗan kifin nan da bai kai tsawon yatsa ba take nufi. Shi kaɗai ne namijin da ya rage a gidan.

Sista ba sunanta ba ne, amma har mijin nata da shi yake kiranta. Shekara talatin da wani abu ta yi a ɗakin haihuwa na wani babban asibiti, rabinsu a ɓangaren bakwaini, inda ake sa jarirai a kwalba. Doguwar mace ce mai ƙashi, mai faffaɗan tafin hannu, farcenta kullum a yanke. Ba ta da mugunta ko kaɗan. Abin da take da shi rashin yarda da hannun kowa ne in ba nata ba. In ta ga ƙaramar nas tana laluben jijiya, ko sabuwar uwa tana kici-kicin naɗe jariri, kalma ɗaya take faɗa: "Kawo." Ɗalibai har kwaikwayonta suke yi a bayan ido. Kuma a yi mata adalci, ba haka kawai ta zama haka ba. Ta ga abin da barci yake yi wa uwa mai shayarwa, ta ga jaririn da ya ƙware da nono ya yi shuɗi, ta kuma ga yadda ƙauna kanta take ɓarna in ta haɗu da rawar hannu. Jariran da suka rayu a hannunta suna da yawa, har yau wasu garada majiya ƙarfi sukan tsayar da ita a titi su durƙusa.

Da za ta yi ritaya abokan aiki suka ba ta agogon bango. Ta karɓa ta gode, sannan ta roƙi abin da ranta yake so: tsohon akwatin kifin da ke ɗakin jira, wanda ya yi kore shar, ba mai kula da shi. Ta kawo shi gida a bayan mota, ta kankare shi, ta girke shi a falo kusa da taga. Kifayen farko irin jajayen nan ne masu cin tsiya, ba su daɗe ba suka gundure ta. Mai Tsuntsu, wani mai sayar da tsuntsaye da kifin ado, shi ya nuna mata waɗannan na yanzu. Shagonsa yana bayan layin masu facin taya, wani ɗan lungu mai warin kashin aku da danshi. Ya ce sunansu sikilid. Manyan danginsu mafaɗata ne, amma waɗannan ƙananan ba ruwansu da kowa, sai dai in an taɓa musu gida. Namijin yana da dogayen fukafukai masu shuɗi da ja, macen kuwa 'yar mitsitsiya ce ruwan toka, ba wani abin kallo a jikinta. Malam ya leƙa leda ya ce, "Wadanni ke nan. Kifin da ko mage ba za ta buɗe masa baki ba." Sunan ya bi su.

Ta riƙe wadannin nan kamar yadda ta riƙe ɗakin bakwaini. Ruwan famfo yana da magani, saboda haka ruwan sama take tara musu a duro. Takan jefa busassun ganye a ciki har ruwan ya yi kalar shayi marar madara, don haka suke so. In za ta ƙara sabon ruwa ba ta tuttulawa, da robar ƙarin ruwa irin ta asibiti take ɗiga shi, ɗigo-ɗigo. Ga ma'aunin zafi manne da gilashi, ga ɗan injin iska yana ɓul-ɓul ta cikin soso dare da rana. A tsakiyar yashi ta kife rabin ɓawon kwakwa da Malam ya fasa wa ƙofa, yana yi yana mita wai an mai da babban makanike maginin ɗakin kifi.

Abu ɗaya ne ya gagare ta. Ba ta taɓa ganin ɗan kifi ko ɗaya da aka haifa a gidanta ba.

Karon farko da macen ta yi ƙwai, jikinta ya rikiɗa daga ruwan toka ya koma rawaya kamar ƙwaiduwa, ta shige ɓawon ta ƙi fitowa. Sista ta ɗauko tocila, ta ɗaga ɓawon kaɗan, ta haska. Ga ƙwai nan jajaye jere a rufin. Ta ƙirga su, ta mayar da ɓawon. Da yamma ta sake dubawa, don mai jego ai sai da zagaye. Washegari babu ko ɗaya, cikin macen kuwa ya yi tim.

"Uwar banza," in ji Sista. "Ta cinye 'ya'yanta."

Daga ranar hukunci ya zauna. Duk sanda macen ta yi rawaya, sai Sista ta ɗauke ɓawon da ƙwan gaba ɗaya, ta sa a wata faffaɗar kwalba mai tsabtataccen ruwa da tiyon iska. Kwalba dai, kamar a asibiti. Kuma kullum labarin ɗaya ne. Ƙwai ɗaya zai yi fari, gobe na kusa da shi ya kama, jibi duk sun yi fumfuna kamar tsohon burodi. Ta sauya kwalba, ta tafasa tiyo, ta sauya ruwa. Macen farko ta tsufa ta mutu, Sista ta sayo wata, ita ma ba ta ko bar ta ta gwada ba. Tun tana gaya wa Malam har ta daina, sai dai ya ga tana wanke kwalba a bakin famfo.

Ana cikin haka matar ɗanta ta haihu. Ɗan nata direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya a kan gida, shi ya sa ya ajiye matarsa wurin iyayensa. Amarya ake ce mata har yau. Yarinya ce mai shiru, mai ɗinki, in ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama. Haihuwar ta zo kafin lokaci, jaririyar ta yi 'yan kwanaki a kwalba, likita ya sallame su da wuri don ya san gidan da za su. Ai gidan Sista ne.

Suna shigowa daga asibiti, Amarya tana ƙoƙarin tsallake dokin ƙofa da 'yarta a ƙirji, Sista ta ce, "Kawo."

Aka kai gadon jaririya ɗakin Sista. Ita ke wanka, ita ke naɗi, ita ke tashi. Amarya kuwa aikinta ta tatsi nono a wani ɗan kofi mai layukan awo, ta miƙa, Sista ta ba yarinyar da ƙaramin cokali. A asibiti haka ake yi wa bakwaini kafin bakinsu ya yi ƙwari, gaskiya ne. Amma bakin yarinyar ya yi ƙwari tuni, har yatsan kakarta take kamawa ta tsotsa da ƙarfi, kofin dai bai tafi ba. Sau ɗaya Amarya ta ce, kanta a ƙasa, ko za a gwada sa mata a ƙirji.

"Ƙirji yana da layin awo ne?" in ji Sista. "Ta yaya zan san abin da ta sha? In ta ƙware fa? Bari ta ƙara nauyi tukun."

Amarya ta gaya wa mijinta a waya. Ya ce, "Ki bi abin da Mama ta ce, aikinta ne." Sai ta bi. Takan tatsa ta miƙa, ta dawo falo ta zauna a tsohuwar kujerar da ta lotsa, wadda ke fuskantar akwatin kifi, ta zuba hannuwa a cinya. Nonon da ba a tsotsa kuwa ba ya jiran kowa. Abin da ke cika kofi ya dawo rabi, rabin ma ya fara sauka. Sista ta aiki Malam ya sayo gwangwanin madarar jarirai, ta ɗora a kan firiji ba ta buɗe ba. Kowa a gidan ya san ranar buɗe shi tana zuwa, ba mai kallon wajen.

To a irin wannan hali ne namijin ya mutu. Sista tana riƙe da murfin kwanon nan ta waiwaya neman macen, sai ta hango kai rawaya a ƙofar ɓawon kwakwa. Hidimar jaririya ta ɗauke mata hankali, ba ta ma lura ba.

"Ta yi ƙwai, Mama," in ji Amarya daga kujerarta, a hankali. "Ta kwana biyu. Ina jin ma sun ƙyanƙyashe. Jiya na ga tana sauko da su daga rufin tana ajiyewa a ƙasa."

Sista ta dube ta, ta dubi ɓawon. In sun sauka a kan yashi, babu batun ɗauke ɓawo ke nan, ana ɗagawa za su watse. Ta ɗauki waya ta kira Mai Tsuntsu, aku yana ta surutu a bayansa.

"Namiji? Wallahi Sista babu. Mutumin da ke kawo min irinsu ya bar sana'ar, ya koma sayar da kaji. Kin ga na wurinki su ne na ƙarshe da na gani."

"Macen tana kan 'ya'ya."

"To ki bar ta mana. Ki rage mata haske."

"In ta cinye fa?"

"To, ta cinye. Wasu suna ci, wasu ba sa ci."

"Kai ma ba ka sani ba ke nan."

"Ni sayarwa nake yi, Sista, ba karɓar haihuwa ba."

Ta kashe wayar. Waɗannan da ke cikin ɓawo su ne na ƙarshe, in suka tafi shi ke nan, kuma suna kwance a ƙarƙashin bakin da ba ta yarda da shi ba. Ta yanke shawara irin tata. Ba za ta iya kamo uwar a cikin ɓawo ba tare da ta murƙushe 'ya'yan ba, amma ranar da suka fito fili za ta tsame ta, ta raini abinta da kanta. Ta wanke bokiti ta zuba ruwan sama ta ajiye a gindin akwatin. Ta ɗora ragar a kan murfi, mariƙin yana kallon hannunta.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya zama kamar ɗakin jira. Malam ya daina barkwanci, ya koma jin rediyo a tsakar gida. Sista takan zo ta tsaya, jaririya a kafaɗa, ta leƙa daga sama, ba ta ganin komai sai bayan ɓawo. Macen ba ta fitowa cin abinci. In inuwar Sista ta faɗa kan ruwan, sai ta toshe ƙofar da jikinta, baƙin zanen fuskarta ya ƙara baƙi. Sista ta ce kallon marasa gaskiya ne. Da azahar ɗin rana ta uku ko ta huɗu kofin Amarya ya zo da abin da bai kai layin farko ba. Sista ta ɗaga shi ga haske, ta dubi saman firiji, ta ce, "Gobe."

Da la'asar ɗin ranar, rana ta karkato ta taga, Amarya ta yi kira ba tare da ta juya kai ba.

"Mama. Sun fito."

Sista ta fito da sauri, Malam na biye. Ga uwar nan rawaya a tsakiyar yashi, a ƙarƙashinta wani ɗan hazo yana motsi. Sai da Sista ta sunkuya ta gane 'ya'ya ne, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, ido biyu da jela. Suna da yawa. Uwar ta gusa, suka gusa. Ta karkaɗa fiffike sau ɗaya, duk suka faɗi ƙasa suka lafe. Sista ta tsura musu ido. Shekara da shekaru take jiran ganin wannan.

Sai ɗaya ya ware, ya nufi wajen dutse. Uwar ta zabura ta bi shi, ta buɗe baki, ya ɓace.

"Ta fara," in ji Sista.

Tana buƙatar hannu biyu. Ta juyo da jaririyar, Amarya har ta ɗago hannuwanta daga cinya, amma Sista ta wuce ta ta ɗora wa Malam. "Riƙe min." Ta zame murfi, ta ɗauki raga.

"Mama, dakata kaɗan. Za ta tofo shi."

Ragar ta shiga ruwa.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Kifin nan da bai kai babban yatsa ba bai gudu ba. Uwar ta baje fukafukai ta yo kan ragar, ta kai mata sara, ta ja da baya, ta sake kawowa. Sista ta kai wawura ta kuskure, bakin ragar ya kwashi yashi, ruwan ya gurɓace. 'Ya'yan suka watse ko'ina. Uwar ta bar ragar ta shiga binsu, tana cafka ɗaya bayan ɗaya, nan, can, bayan ganye, har kumatunta suka kumbura.

"Kun gani? Kun gani da idonku?" Sista ta sake nitsa hannu har gwiwa, hannun rigarta ya jiƙe.

Sai ta ji an riƙe mata wuyan hannu.

Tun da take, babu wanda ya taɓa riƙe mata hannu tana kan aiki. Ta waiwayo. Amarya ce, a tsaye, kuma riƙon ba na wasa ba ne. Ba a jin komai sai ɓul-ɓul ɗin injin iska. A cikin ruwa uwar ta shige ɓawo da cikakken baki, ba ta sake fitowa ba. Yashi yana kwanciya a hankali, babu ɗan kifi ko ɗaya a fili.

"Sake ni," in ji Sista.

"Ki yi haƙuri, Mama." Ba ta saki ba. "Ni ban san kifi ba. Amma tun da muka dawo daga asibiti ba ni da wani aiki a gidan nan sai kallon wannan kifin. Ke a tsaye kike dubawa. Daga kujerar can ana hango cikin ɓawon in rana ta juyo. Na ga tana yi wa ƙwan fifita, ba ta hutawa. In ɗaya ya yi fari sai ta cire shi kafin ya shafi sauran. Da suka ƙyanƙyashe da baki ta sauko da su, ɗaya-ɗaya, ta wanke ta ajiye. Ba ta da hannu, Mama. Bakin nan da shi take ɗauka."

"In kuma ta haɗiye su yanzu fa?"

"To mu muka tsorata ta." Amarya ta dubi ɓawon. "Ko ba ta iya ba, ai nata ne. A bar ta ta gwada."

Ta saki hannun. Ta durƙusa har ƙasa ta ce a yafe mata, ta tashi ta shige ɗakinta, ba ta ko kalli inda 'yarta take ba. Wannan rashin kallon ya fi maganar yi wa Sista zafi.

Ta zare ragar daga ruwa. Ranta a ɓace yake, maganar Amarya tana yi mata yawo a kai. Wanda ya yi fari sai a cire shi. Shekarun nan duka tana kallon fumfuna tana cinye mata ƙwai a kwalba, ashe aikin da ake yi ke nan, kuma mai yinsa ita ce uwar da take bari ita kaɗai a akwati tana zagaye inda aka ɗauke ɓawo. Ta tuna tocilar farko, da yadda ta ɗaga wa uwa rufin ɗaki har sau biyu a rana ɗaya.

"A rufe mata mana," in ji Malam, yana jijjiga jikarsa a karkace. "Ko mutum aka yi wa wannan dirar ai ya so duhu."

Ta ɗauko tsohon zani ta lulluɓe akwatin, ta mayar da murfi. Da magariba Amarya ta miƙo kofi ta bakin labule, ɗan abin da ke ciki bai rufe gindinsa ba. Sista ta ba yarinyar, ita kuma ta lashe cokalin tana neman ƙari. Ba wanda ya ci abincin kirki a gidan. Ba wanda ya taɓa zanin.

Gari ya waye, jaririyar ta tashi da ƙananan koke-koke. Sista ta saɓa ta a kafaɗa ta fito. Ta sauko da gwangwanin daga kan firiji, ta ajiye a tebur, ta sa farce a bakin murfin. Sai ta bar shi. Ta je gaban akwatin ta tsaya, kamar kullum. Daga baya ta ja da baya, ta zauna a kujerar da ta lotsa. Ba ta taɓa zama a cikinta ba. Gwiwoyinta suka taso har kusan ƙirji, ƙofar ɓawon kuwa ta zo daidai idonta. Ta ɗage gefen zanin kaɗan.

Abin da ta fara gani shi ne layin da ragarta ta ja a kan yashi. A cikinsa akwai 'yan fararen abubuwa kwance, ba sa motsi. Ta san gawa in ta gan ta, komai ƙanƙantarta. Waɗannan ba uwar ce ta kashe su ba.

Ƙofar ɓawon duhu ce. Sista ta jira. Ta yi aikin dare ba adadi, ta tsaya a kan naƙudar da ta wuni ta kwana, amma a can ko yaushe akwai abin da hannu zai yi. Nan babu. Yarinyar tana ta goga baki a wuyanta. Ragar tana nan a kan murfi, ɗaga ɓawon kuma ba zai ɗauke ta komai ba, ta san gaskiya ta huta. Ta cije leɓe ta ci gaba da zama.

Sai kai rawaya ya leƙo. Ya koma. Ya sake leƙowa, uwar ta fito da rabin jiki, ta dubi hagu ta dubi dama. Ta fito duka. A bayanta hazon nan ya biyo, a dunƙule, yana bin yashi. Ba su kai na jiya ba. Sista ta fara ƙirgawa da leɓe, ta kai wani wuri ta daina.

Ɗaya ya ware. Uwar ta bi shi, ta buɗe baki, ya ɓace. Hannun Sista ya ɗaga da kansa, ta maido shi kan bayan jaririya ta danne. Uwar ta juyo, ta dawo ba gaggawa, bakinta yana ɗan motsi. Ta tsaya a kan sauran. Ta daɗe. Sannan ta furzo shi a tsakiyarsu, ya yi 'yar wulƙitawa, ya miƙe ya ci gaba da tsintar abinci.

Hawaye ya zubo wa Sista, ba ta share ba. Kunya ce da murna suka haɗu mata, kunyar ta fi yawa.

Jaririyar ta gaji da lallashi ta saki kuka sosai. Labule ya motsa. Amarya ce tsaye da kofi a hannu, idanunta a kumbure. Ta dubi gwangwanin da ke kan tebur, ta sunkuyar da kai.

"Mama, yau bai fito ba. Na matsa, na matsa."

Sista ta yunƙura ta tashi daga kujerar da ƙyar. "Ajiye kofin nan. Zo ki zauna."

Amarya ta zauna a ɗarare. Sista ta sauko da yarinyar daga kafaɗa, ta riƙe ta a tafukan nan nata masu faɗi, ta ɗan tsaya.

"Ungo."

Amarya ta karɓa. Riƙon ba daidai ba ne. Kan ya yi ƙasa da yawa, gwiwar hannun ta yi sama, ga zanin naɗi ya tattare a wuya. Sista ta ga duk wannan a kallo ɗaya. Ta zauna a hannun kujerar da ke gefe, ta tura tafukanta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta ta danne. Yarinyar ta lalubi nonon ta kuskure, ta ƙara tsandara kuka, fuskarta ta yi ja. Amarya ta ɗago ido a tsorace, tana shirin miƙo ta.

"Ba ni za ki kalla ba," in ji Sista. "Ita za ki kalla."

Amarya ta mayar da kai. Ta gyara hannu da kanta, ta tallafo ƙeyar, ta matso da ita. Yarinyar ta kama, ta saki, ta yi kuka, ta sake kamawa. Kukan ya yanke. Ta ja, ta ja, babu komai. Malam ya leƙo daga tsakar gida da rediyo a kashe, Sista ta girgiza masa kai, ya tsaya inda yake. Yarinyar ta ci gaba da ja, 'yar haɓarta tana sama tana ƙasa.

Sai Sista ta ji shi, ƙasa-ƙasa, a ƙarƙashin ɓul-ɓul ɗin injin iska: ɗan ƙaramin sautin haɗiya. Ta san shi a cikin dubu. Aka ɗan jima, wani ya biyo.

Ba ta san ko nawa ne ya shiga cikin yarinyar ba, kuma babu yadda za ta sani. Ta zaro hannu ɗaya, ta miƙa, ta sauke gefen zanin a kan akwatin kifi, sannan ta mayar da hannun inda yake.